Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Wayoyin Distiributa a Tsohuwar Akori-kura

Har yau, duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin kasuwar Farin Gada zai ga tsofaffin akori-kura suna shigowa a danne da kaya, wata da dankalin Bokkos, wata da masarar Mangu, wata da kabeji da karas daga gonakin da ke kewaye da Jos. Da yawa daga cikinsu Peugeot ne, 404 ko 504, irin waɗanda kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975, sai kuma Toyota Hilux da Datsun na shekarun 1970 da 1980. Abin da ya haɗa masu shan fetur a cikinsu shi ne distiributa mai kwantak, wadda yawancin yaran gareji na yanzu ba su tashi da ita ba, domin motocin zamani kwamfuta ce ke raba musu wuta. Na tattara tambayoyin da masu waɗannan motoci da masu koyon wayarin suka fi yi mini, kuma zan faɗi ra'ayina tun daga farko: mafi yawan laifin da ake ɗora wa distiributa yana cikin wata siririyar waya ne ko a wurin da aka ɗaure ta, saboda haka bai kamata a sayi komai ba sai an yi gwaji.

Mene ne aikin distiributa, kuma waɗanne wayoyi ne ke haɗe da ita?

Batirin mota bolt 12 kawai yake bayarwa, alhali tartsatsin da zai tsallaka bakin fulogi ya kunna fetur a cikin silinda yana bukatar bolt dubbai, sau da yawa fiye da 10,000. Kwayil ne yake ɗaga wutar zuwa wannan matsayi, amma ba ya iya yin haka sai an bar wutar batir ta ratsa shi sannan a yanke ta farat ɗaya. Wannan yankewa ita ce aikin farko na distiributa, kuma kwantak ɗin da ke cikinta ne yake yin ta, yana buɗewa yana rufewa yayin da sandar distiributa ke juyawa da rabin saurin inji. Aiki na biyu shi ne rabon babbar wutar da kwayil ya haifar, inda rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a kan sandar, ke karɓar ta a tsakiyar murfi ta miƙa wa kowane fulogi a lokacinsa.

Saboda haka wayoyin iri biyu ne, kuma wanda ya bambance su ya yi rabin gyara. Akwai layin ƙaramar wuta, wanda yake tasowa daga batir, ya bi ta makulli, ya shiga kwayil ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan, ya shiga distiributa ta siririyar waya, ya ratsa kwantak ya sauka a jikin inji, wato abin da masu wayarin suke kira at. Akwai kuma layin babbar wuta, wato waya mai kauri da ta fito daga tsakiyar kwayil zuwa tsakiyar murfin distiributa, da sauran masu kaurin da suka tafi wajen fulogi. Mai akori-kurar da ke shan gas, kamar 504 mai injin dizal, wannan bayani bai shafe shi ba, domin injinsa ba shi da distiributa irin wannan.

Wane bakin kwayil ne yake zuwa distiributa?

A motar da aka ɗaure baƙar wayar batirinta a jikin mota, wadda ita ce kusan duk motar da za a gani a hanya, bakin kwayil mai alamar ragi ne yake zuwa distiributa, mai alamar ƙari kuma yana karɓar wuta daga makulli. Sai dai ba kowane kwayil ne yake ɗauke da waɗannan alamomi ba. Wanda aka yi bisa tsarin Jamus, kamar na Bosch, lambobi ne a jikinsa: 15 na makulli, 1 na distiributa, 4 kuma shi ne babban bakin tsakiya. Na Faransa da ake samu a tsofaffin Peugeot yakan zo da rubutun BAT a ɓangaren makulli da RUP a ɓangaren distiributa, tsohon Lucas na Ingila kuma SW da CB, bisa wannan jeri.

Idan aka juya wayoyin biyu mota za ta tashi, kuma wannan ne yake ruɗin mutane, domin sai a ɗauka komai daidai ne. Amma tartsatsin zai raunana, inji ya riƙa yin mis, wato tsallake wuta, idan aka ɗora masa kaya a hawan tudu. Wanda yake da tsohuwar Land Rover ta kafin 1967 ya fara duba batirinsa tukuna, domin irinta da yawa bakin batir mai alamar ƙari ne a haɗe da jikin mota, kuma a can lissafin a juye yake.

Sitata tana juya inji amma mota ta ƙi tashi. Daga ina zan fara?

Ka fara da tabbatar da cewa matsalar ta wuta ce. Ka zare babbar wayar tsakiya daga murfin distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba a hannu, bakinta ya kasance kamar milimita 6 daga ƙarfen inji kuma nesa da kafireto, sannan wani ya murɗa makulli. Idan shuɗin tartsatsi yana tsallakawa da ƙara a kai a kai, layin ƙaramar wuta lafiya yake, sai a koma kan rota da murfi da wayoyin fulogi, ko kuma a duba mai. Idan babu tartsatsi, ko kuwa ɗan ja ne mai rauni, lokacin gwajin kwan fitila ya yi.

Kayan gwajin ba wani abu ba ne illa ƙaramin kwan fitila na bolt 12 da aka liƙa wa waya biyu. Ka maƙala ɗaya a ƙarfen inji inda babu fenti ko tsatsa, ka buɗe makulli, ka taɓa ɗayar a bakin kwayil mai alamar ƙari. Idan kwan bai kama ba, wuta ba ta iso ba ke nan, kuma laifin yana baya, a makulli ko a wayar da ta taso daga gare shi, distiributa ba ta da hannu a ciki. Idan ya kama, sai ka mayar da wayar gwajin bakin ragi, a juya inji da sitata kana kallo. Abin da ake so shi ne kwan ya riƙa kamawa yana ɗaukewa, domin idan kwantak ya buɗe kwan yana kamawa, idan ya rufe wutar tana bi ta cikinsa zuwa at, kwan ya mutu.

Daga nan amsa biyu ce. Idan kwan ya kama ya tsaya a kunne ba ya ƙiftawa, hanyar zuwa at a yanke take: ko siririyar wayar ta tsinke, ko bakin kwantak ya ƙone ko ya yi datti, ko wayar at ta cikin distiributa ta rabu. Idan kuwa kwan ya ƙi kamawa sam, wutar tana gudu zuwa at tun kafin lokacinta, ko kuma kwayil ya yanke daga ciki. Don a raba gardama, sai a kwance duk wayoyin da ke bakin ragi a sake gwadawa a kan bakin shi kaɗai. Idan yanzu kwan ya kama, kwayil yana wuce wuta, kuma akwai inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ko kwandansa, wato 'yar gwangwanin da ke haɗe da kwantak, ta haɗe daga ciki, ko kwantak ba ya buɗewa. Idan har yanzu bai kama ba, to a nan ne ya halatta a tuhumi kwayil. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma na sha ganin ya hana mutum sayen kwayil da ba ya bukata.

Kada a bar makulli a buɗe na tsawon lokaci inji yana kashe, domin idan kwantak a rufe ya tsaya, kwayil zai yi ta ɗaukar zafi, bakin kwantak kuma ya ƙone.

Mota tana tafiya lafiya, sai ta yanke idan na taka totur, sannan ta dawo da kanta. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da mutane, kuma a kanta ne ake yawan kwance kafireto ba gaira ba dalili. A cikin distiributa kwantak yana zaune ne a kan wani faranti wanda ba a kafe yake ba. Akwai wata 'yar tukunya a gefen distiributa da aka haɗa da kafireto ta siririn tiyo, kuma ita ce take jan farantin ya ɗan juya gwargwadon zuƙar inji, domin wuta ta riƙa zuwa da wuri idan ana tafiya a sake. Tunda farantin yana motsi, wayoyin da ke kansa su ma suna lanƙwasawa duk lokacin da ƙafar direba ta motsa, sau dubbai a tafiya ɗaya daga Jos zuwa Bauchi. Wayoyin biyu ne: wadda ta kawo wuta daga bakin distiributa zuwa kwantak, da wata 'yar saƙaƙƙiyar waya, sau da yawa marar riga, wadda ta haɗa farantin da gangar jikin distiributa don ta ba shi at. Bayan shekara talatin ko arba'in, zaren jan ƙarfen da ke ciki yakan tsinke ɗaya bayan ɗaya, rigar kuma tana nan lafiya a ido, sai ya zama wayar tana haɗuwa idan farantin yana wuri ɗaya, tana rabuwa idan ya juya.

Na taɓa kwana uku a kan wata 504 da ke yin haka a hanyar Bukuru, bayan an riga an wanke mata kafireto sau biyu an kuma canza famfon mai a wani gareji. Abin da ya tona asirin shi ne jan wayar a hankali da yatsa biyu, sai na ji tana miƙewa kamar roba, alamar babu ƙarfe a ciki. Haka ake gwada ta. Ana kuma iya sa mita a kan awon om, wato awon da ke nuna yadda waya ke wuce wuta, a taɓa bakin wayar biyu, sannan a tsotsi tiyon tukunyar don farantin ya motsa. Idan awon ya yi tsalle, an kama ɓarawo.

Wajen canza ta kada a sa waya mai tauri ko mai kauri, domin za ta riƙe farantin ta hana shi juyawa, kuma ba za ta daɗe ba za ta karye. Waya mai laushi mai zare da yawa ake nema, a bar mata ɗan rara yadda za ta lanƙwasa ba tare da ta taɓa sandar da ke juyawa ba. Akwai kuma wurin da wayar ta ratsa bangon distiributa, inda ake sa 'yan wasa, wato ƙananan zobba, na roba ko na fiba don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Idan aka kwance wurin, a lura da jerin da suke kafin a taɓa su, domin mayar da wasa ɗaya a gurbin da ba nasa ba ya isa ya kashe wuta gaba ɗaya, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa mota takan ƙi tashi daidai bayan an sa mata sabon kwantak.

Mota tana kamawa muddin ina riƙe da makulli, da na saki sai ta mutu. Kwayil ne?

Da wuya ya zama kwayil. Motoci da yawa na wancan zamani, har da Toyota da Datsun, suna da rezisto a kan wayar da ta kawo wuta daga makulli, galibi wani ɗan farin abu mai kama da tangaran da aka ɗaure kusa da kwayil. Aikinsa shi ne ya rage wutar da ke isa kwayil yayin tafiya. A lokacin tayarwa kuwa, da yake sitata tana zuƙe batir, akwai waya ta biyu da take tsallake rezisto ta kai wa kwayil cikakkiyar wuta. Idan rezisto ya ƙone, wayar tayarwa ce kaɗai ta rage, saboda haka inji yana kamawa kana riƙe, ya mutu ka saki.

Abin da ake yawan yi a bakin hanya shi ne a haɗe bakin rezisto biyu da guntun waya, kuma hakan zai kai mutum gida, amma bai kamata ya kwana a haka ba. Kwayil ɗin da aka yi don aiki da rezisto yana auna kamar om 1.5 tsakanin ƙananan bakunansa biyu, wanda ba ya bukatarsa kuma kamar om 3. Idan aka ba na farkon cikakken bolt 12 kullum, wutar da ke ratsa kwantak za ta kusa ninkawa, kwayil ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, kwantak kuma ya riƙa ƙonewa duk 'yan makonni. Duk mai korafin cewa motarsa tana cin kwantak, wannan ne abu na farko da nake aunawa. A wasu motocin ma ba a ganin rezisto a fili, domin an saka shi ne a matsayin waya ta musamman a cikin ƙunshin wayoyi, kuma mai wayarin da bai sani ba yakan yanke ta ya sa waya ta yau da kullum.

An zare wayoyin fulogi duka an rikita su. Yaya za a mayar da su?

Abu uku ake bukatar sani: jerin tashin wuta, inda rota take nunawa idan silinda ta farko ta kai lokacin wutarta, da kuma ɓangaren da rota take juyawa. Jerin a injin Peugeot 404 da 504, da injinan Toyota Hilux irin su 12R da 18R da 22R, da na Land Rover mai silinda huɗu, shi ne 1-3-4-2. Ba kowane inji mai silinda huɗu ne yake bin wannan ba, domin injin Ford da ake kira Kent 1-2-4-3 yake bi, masu silinda shida a jere kuma yawanci 1-5-3-6-2-4.

Ka cire fulogin silinda ta farko, ka toshe ramin da yatsa ko da tsumma, mota tana firi, a juya inji da sifana ta ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki, har ka ji iska tana turowa. Ka ci gaba a hankali har alamar da ke jikin fuli ta zo daidai da ta jikin inji. Yanzu ka buɗe murfin distiributa ka ga inda bakin rota ya nuna, ramin murfin da ke daidai wurin shi ne na silinda ta farko. Daga nan sai ka bi sauran ramukan ta ɓangaren da ka ga rota tana juyawa, kana sa wayoyin bisa jeri. Kada ka dogara da abin da ka tuna daga wata motar game da ɓangaren juyawa, ka kalli rotar da idonka.

Jin iskar nan ba abin wasa ba ne. Fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, saboda haka alamar fuli takan zo daidai sau biyu, sau ɗaya lokacin wutar silinda ta farko, sau ɗaya lokacin ta huɗu. Wanda ya bi alama kawai bai ji iska ba yana iya sa wayoyin a juye, mota ta ƙi tashi tana harbi ta kafireto ko ta salansa. Masu Peugeot sukan yi gardama a kan wace silinda ce ta farko, domin Faransawa daga ɓangaren giya suke fara ƙidaya, ba daga ɓangaren lagireto ba. Gardamar ba ta da amfani a wannan aiki, domin jerin 1-3-4-2 ba ya canzawa ko ta wane ƙarshe aka fara ƙidaya, muddin silindar da ka ji iskarta ita ce ka kira ta farko, ka kuma ƙidaya sauran daga gare ta. Nan gaba kuma, kafin a zare ko waya ɗaya, a naɗa wa kowace salatif a rubuta lambarta, ko a ɗauki hoto da wayar hannu.

Me ya sa motata take wahalar tashi da safe a lokacin sanyi ko bayan ruwan sama?

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk wanda ya kwana a nan a Disamba ko Janairu ya san irin sanyin asuba, haka kuma damina tana da tsawo da laima. Idan inji ya huce da dare, gumi yakan taru a cikin murfin distiributa, ya haɗu da ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a ciki, sai babbar wuta ta sami hanya mai sauƙi ta bi bangon murfi ta tsere maimakon ta je fulogi. Idan abin ya daɗe, za a ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir a cikin murfin, kuma murfin da ya yi haka ya gama aiki, gogewa ba ta mayar da shi. A duba ɗan gawayin da ke tsakiyar murfi, wanda yake danna rota, ko ya cinye ko sifirin ɗinsa ya mutu.

Wayoyin fulogi su ma suna tsufa. A tayar da inji da dare a wuri mai duhu a leƙa, idan ana ganin shuɗin walƙiya yana tsalle daga waya zuwa ƙarfe, rigarsu ta fashe. A Peugeot akwai ƙarin abu, domin fulogi yana can ƙasan wani dogon bututu ne a saman inji, kuma baƙin mai ko ruwan wanki yakan taru a ciki ya sace wutar. Sanyi kuma yana rage ƙarfin batir, saboda haka haɗin da ya yi tsatsa wanda bai dame ka da rana ba zai nuna kansa da asuba, musamman babbar wayar at da ta haɗa inji da jikin mota.

Wace irin waya zan saya, kuma yaya ya kamata a haɗa ta?

Layin ƙaramar wuta amfiya uku zuwa huɗu yake ɗauka, saboda haka wayar mota mai zare da yawa mai kaurin milimita 1.5 ta wadatar daga makulli zuwa kwayil da kuma daga kwayil zuwa distiributa. Wayar gida mai zare ɗaya ba ta dace ba, domin girgizar inji tana karya ta. Idan za ka saya a Dilimi ko a wani wuri, ka fere bakinta ka kankare zaren da wuƙa, domin akwai wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama, kuma ita da ta sha laima sai ta zama gari.

Haɗin da na fi ƙi shi ne a murɗa waya biyu da yatsa a naɗe da salatif. Zafin inji yana narkar da gam ɗin, ruwa ya shiga, zaren ya yi kore, bayan wata shida a dawo ana neman laifi a wani wuri. Idan waya ta lalace, a canza ta daga baki zuwa baki, a matse mata kan ƙarfe mai kyau, ko a liƙe da dalma a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. A bi da ita nesa da bututun hayaƙi da fanka, a sa roba a duk inda ta ratsa ramin ƙarfe, a kuma bar mata rara tsakanin kwayil da distiributa, tunda inji yana rawa a kan kujerunsa alhali kwayil sau da yawa a jikin mota yake. Kafin a fara duk wannan, a cire baƙar wayar batir.

Yaushe ne kwandansa take da laifi?

Kwandansa tana shanye tartsatsin da zai tashi a bakin kwantak lokacin buɗewa, tana kuma taimaka wa kwayil ya yanke wuta da sauri. Idan ta raunana, za a ga tartsatsi mai yawa a bakin kwantak, bakin ya yi rami a gefe ɗaya da tudu a ɗayan, mota kuma ta riƙa yin mis idan ta yi zafi. Ƙarfinta yana wajen maikurofarad 0.2 zuwa 0.25, kuma jikinta ne at ɗinta, don haka sukurun da ya ɗaure ta dole ya kasance a matse kuma ba tsatsa. Shawarata ita ce, idan tsohuwar kwandansa ta asali tana aiki, kada a jefar da ita don kawai an sayi sabon kwantak, domin na sha ganin sabuwa ta mutu cikin mako guda.

Dole ne a sake saita taimin bayan gyaran waya?

Idan waya kawai aka canza ba a taɓa kwantak ba, ba a kuma juya jikin distiributa ba, taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, yana nan inda yake. Idan an cire kwantak kuwa, sai an sake saita tazararsa, kuma tazarar tana taɓa taimin, domin idan ta yi faɗi yana buɗewa da wuri, idan ta yi ƙunci yana makara. Saboda haka tazara ake fara saitawa. A Peugeot milimita 0.4 ce, a Toyota kuma 0.45, ana aunawa da fila-geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, lokacin da kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa. A shafa ɗan giris kaɗan a kan ƙusoshin sandar da ke tura shi, a kuma kula kada ya taɓa bakin kwantak.

Kwan fitilar nan shi ne kuma yake saita taimin. A kawo inji daidai alamar taimin, a sassauta abin da ya riƙe distiributa, a haɗa kwan tsakanin bakin ragi na kwayil da at, a buɗe makulli. A juya jikin distiributa ta ɓangaren da rota take bi har kwan ya mutu, sannan a dawo da ita a hankali ta kishiyar ɓangaren, inda kwan ya kama a tsaya a ɗaure. A tsofaffin 404 akwai rami a gidan kuloci inda ake zura sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8, ta faɗa cikin gurbi idan inji ya zo daidai wurin wuta, kuma wajibi ne a tuna a zare ta kafin a taɓa sitata.

An sa mini makullin ɓoye saboda ɓarayi. Zai iya zama sanadin matsalar?

Ƙwarai kuwa. Yawancin irin wannan makulli ana haɗa shi ne ta hanya biyu, ko a yanke wayar da ta kawo wuta kwayil a bi da ita ta ƙarƙashin kujera, ko a ja waya daga bakin ragi a kai ta at idan an danna. Duka biyun suna ƙara doguwar waya da haɗi biyu ko uku a layin da ba ya son haɗi, kuma galibi a ƙarƙashin dadduma suke inda ruwa ke kwanciya. Haka ma wayar agogon da ke nuna juyin inji, ita ma a bakin ragi take, kuma idan ta goge ta taɓa ƙarfe za ta kashe mota. Duk wanda ya sayi tsohuwar akori-kura ya ƙidaya wayoyin da ke bakin kwayil, ya bi kowace har ƙarshenta, domin mai yiwuwa akwai makullin da mai motar na uku ya sa wanda ba wanda ya gaya masa.

Shin ya fi kyau in cire kwantak in sa na'urar lantarki a madadinsa?

Na'urar tana da amfani na gaske, domin babu bakin da zai ƙone, babu tazarar da za a riƙa saitawa, kuma tayarwa da sanyi takan yi sauƙi. Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole ta dace da irin distiributar, ko Ducellier ce ko Paris-Rhône a Peugeot, ko Nippon Denso a Toyota, ko Hitachi a Datsun. Dole kuma kwayil ya kasance mai awon om ɗin da masu na'urar suka ƙayyade, kuma idan aka juya wayoyinta biyu ko sau ɗaya, tana iya ƙonewa nan take. Ba ta gyara sandar distiributa da ta yi lako-lako, ba ta kuma gyara ruɓaɓɓiyar waya daga makulli.

Ga motar da take yawo a cikin gari ba ni da ja. Amma ga wadda take shiga ƙauyukan Bokkos da damina, ni na fi natsuwa da kwantak, domin idan ya ba da matsala a daji ana iya goge bakinsa da 'yar samfefa mai laushi, a saita shi da sukudireba, a ci gaba da tafiya. Wanda ya riga ya canza, ya naɗe tsohon kwantak da kwandansa da 'yan wasansu da sukurorinsu a leda, ya haɗa da kwan gwaji da mita ɗaya na waya mai kyau, ya ajiye su a cikin akwatin gaban mota.